Darasin Wannan Wata: Samun Ɗumi a Gida Lokacin Hunturu Ba Tare da Ɓarnar Itace Ba

An gama kaka. An kai hatsi rumbu, an ɗaure kara, an ɗora harawa a kan rumfa. Yanzu iska ta juya. Da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa don sanyi. Leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso, hazo ya rufe gari. Hunturu ke nan ya shigo.

A wannan lokaci kowane gida yana cin itace fiye da kullum. Ga na girki, ga na ruwan wanka da alwala, ga kuma na jin ɗumi safe da dare. Itacen kuwa ya yi nisa, ya yi tsada. A ƙauyuka da yawa mata da yara su kan yi rabin wuni a daji kafin su haɗa dami ɗaya. Mai saye kuma ya san abin da aljihunsa yake gani.

Ɗumi kamar ruwa yake a cikin tulu. In tulu yana yoyo, kome yawan ruwan da aka zuba zai tsiyaye. Mai hankali toshe hujin yake fara yi. Haka ɗaki yake, haka jikin mutum yake, haka ma murhu. Wannan darasi zai nuna inda ɗumi yake yoyo da yadda za a toshe. Zai kuma nuna wuri ɗaya da toshewa ke jawo mutuwa.

DAGA INA SANYIN YAKE ZUWA?

Iskar hunturu daga hamadar Sahara take tasowa. Tana busowa daga arewa maso gabas. Ta kan fara wajen ƙarshen watan Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta lafa wajen watan Maris. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele take, a arewacin ƙasar Chadi. Wurin a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi.

Iskar busasshiya ce, ba ta da laima. Da rana ƙasa ta kan ɗauki zafi. Da dare kuwa, tun da babu gajimare a sama, zafin ya kan tashi ya tafi da sauri. Shi ya sa a Kano, cikin watan Janairu, ma'aunin zafi kan kai digiri 29 ko 30 da rana, amma da asuba ya sauka zuwa 13 ko kusa da haka. A tudun Jos wani daren ya kan sauka ƙasa da 10.

Abin lura a nan shi ne, ko a tsakiyar hunturu akwai zafin rana, kuma kyauta ne. Dabara ita ce a kama zafin nan da rana, a riƙe shi har gari ya waye.

TA INA ƊUMI YAKE GUDU?

Ta hanya huɗu ɗumi ke barin mai barci:

1. Ta kafofin da iska ke shiga: tsagar bango, ƙarƙashin ƙofa, taga, da tsakanin bango da rufi.
2. Ta sama, domin iska mai ɗumi tashi take yi. In rufin kwano ne tsirara, ɗumin ya tafi ke nan.
3. Ta ƙasa. Daɓe ko siminti mai sanyi yana zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kai.
4. Ta jikin da ba a rufe ba, kamar kai da wuya da ƙafa, da kuma ta jiƙaƙƙen tufafi.

GYARAN ƊAKI

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sanyi ma haka ne. Magidanci ya shiga ɗaki da tsakar rana ya rufe ƙofa da taga. Duk inda ya ga haske yana shigowa, nan iska ke bi da dare. Sai ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya yaɓe tsagar. Ƙarƙashin ƙofa kuma a naɗe tsohon buhu ko tsumma a tare. A rataya asabari ko labule mai kauri a bakin ƙofa.

Tagar da ke fuskantar arewa ko gabas ita ce bakin iska. A rufe ta da kwali ko tabarma har hunturu ya wuce. Amma a bar ƙaramar kafa ɗaya a sama, ta gefen kudu ko yamma, don numfashi. Wannan kafa ba a toshe ta ko kusa. Dalili yana zuwa a gaba.

A waje kuma, a ƙarfafa darni ko danga ta arewa da gabas. Zana biyu a jere sun isa su karya ƙarfin iska kafin ta bugi ɗaki. In akwai tarin kara, kada a jingina shi da ɗakin kwana don tare iska. Wannan gayyatar gobara ce.

Ginin ƙasa na iyaye da kakanni yana da hikima. Bangon tubali mai kauri da rufin soro su kan sha zafin rana a hankali, su sake shi cikin ɗaki da dare. Ɗakin jinka ma yana riƙe ɗumi, domin ciyawa tana tare da iska a tsakaninta. Rufin kwano ne mai wahala. Da rana ya yi zafi kamar tanda, da dare ya yi sanyi kamar ƙarfen rijiya. Maganinsa silin. Wanda ba shi da kuɗin na kanti, ya ɗaura zana ko tabarmi ko buhunan da aka ɗinke a ƙarƙashin kwanon, ya bar ɗan fili tsakani. Wannan aiki na wuni ɗaya zai yi amfani a hunturu, ya kuma yi amfani a bazara. Sai dai a kula kada fitila ko wayar lantarki ta kusance shi.

Lokacin buɗe ɗaki ma yana da muhimmanci. A buɗe ƙofa da hantsi in rana ta yi ƙarfi, a shanya bargo da katifa a waje su sha rana. Da la'asar sakaliya a shigar da su, a rufe ƙofa tun kafin iskar magariba ta taso. Wanda ya bar ɗaki a buɗe har isha'i ya zubar da ɗumin da rana ta ba shi.

SHIMFIƊA DA SUTURA

Mutane da yawa su kan tara mayafi a sama, su manta da ƙasa. Alhali mai kwana a kan tabarma ɗaya bisa siminti ba zai ji ɗumi ba ko da bargo biyu. Abin da ke ƙarƙashi ya kamata ya yi kauri kamar abin da ke sama. A shimfiɗa kwali ko busasshiyar ciyawa ko buhun da aka cika da ƙaiƙayi, sannan a ɗora tabarma. Gadon kara ko na katako ya fi, domin yana ɗaga mutum daga ƙasa. A janye shimfiɗa daga jikin bangon arewa da kuma saitin ƙofa.

Wajen tufafi, riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ke riƙe ɗumi. Haka zane biyu a ƙarƙashin gwado ko luru sun fi gwadon shi kaɗai. A sa hula ko ɗankwali, a sa safa, a naɗe wuya. Yaron da ya yi fitsarin kwance a canza masa kaya nan take, domin jiƙaƙƙen wando yana janye ɗumin jiki da sauri.

Jiki da kansa murhu ne, abinci ne itacensa. Wanda ya kwanta da yunwa ya fi jin sanyi. Tuwon dare da ɗuminsa, da kunu ko koko da safe, suna taimako ƙwarai, musamman ga yara da tsofaffi. A riƙa shan ruwa ko da ba a ji ƙishi ba, don iskar tana busar da jiki. A shafa man kaɗanya ko man gyaɗa ko basilin a ƙafa da hannu da leɓe, saboda kaushi da faso.

MURHU DA ITACE

Yanzu sai maganar inda itace ya fi tafiya, wato murhu. A murhu mai duwatsu uku, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin wutar ne kawai ke shiga tukunya. Sauran iska ke kwashewa. A hunturu, da iska ke kaɗawa, ɓarnar ta fi haka. Ke nan a cikin ƙirare 10 da aka ƙona, 8 ko fiye sararin Allah suka dafa.

Ga abubuwan da uwargida za ta iya yi tun daga yau ba da ko kwabo ba:

1. Ta tare murhu daga iska, da tubali ko tsohon kwano ko fasasshiyar tukunya.
2. Ta yi amfani da busasshen itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar sai ta fara ƙone ruwan kafin ta dafa abinci, ga kuma hayaƙi.
3. A faskara itace ƙanana. Ƙirare uku da ke ci sosai sun fi gungume mai hayaƙi.
4. Ta haɗa kayan miya, ta wanke hatsi, ta ajiye kome kusa kafin ta hura wuta.
5. Ta rufe tukunya da murfi. In ta tafasa, ta janye itace ta bar wuta kaɗan. Ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi don an ƙara wuta.
6. Ta jiƙa wake tun da dare. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna.
7. In an gama, ta zare sauran itacen ta kashe da ƙasa, a yi amfani da shi gobe.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne murhun laka mai rufi. A Jamhuriyar Nijar tun cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhun laka mai suna Albarka da na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. A Najeriya ma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi aiki a kan murhu mai cin itace kaɗan. Amma kowace mace da ta iya yaɓe za ta iya gina nata a gida. Ga yadda ake yi:

A samo ƙasar gini mai danƙo ko ƙasar suri. A haɗa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki ko na shanu. A kwaɓa, a rufe, a bar ta ta kwana huɗu ko biyar ana yayyafa ruwa. A zaɓi wurin da iska ba ta bugu. A kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita. Tsakanin ƙasa da gindin tukunya ya zama kamar tsawon tafin hannu. Sai a gina bango a kewaye har ya kai wuyan tukunya, kaurinsa kamar faɗin yatsu huɗu. A bar fili kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da bangon, don wuta ta lashi gefen tukunya, hayaƙi kuma ya fita. A yanka ƙofa ɗaya ta sa itace. A cire tukunya, a shafe ciki da waje, a bari ya bushe kamar mako guda kafin a hura wuta. In ya tsage a yaɓe.

Kowace tukunya da murhunta, domin in fili ya yi yawa zafi zai gudu. Murhun da aka gina daidai ya kan sa itacen kwana biyu ya kai kwana uku. Yana kuma kare yara daga faɗawa wuta.

Gaskiya ne wannan murhu ba ya ba masu zama a gefe ɗumi kamar buɗaɗɗiyar wuta. Amma jikinsa ya kan daɗe da zafi bayan an sauke tuwo. Sai a ɗora tukunyar ruwa a kan sauran rushin, a rufe ƙofar murhun da tubali. Ruwan zai yi ɗumi ba tare da sabon itace ba.

Kada a ƙona roba ko leda ko tsohuwar taya don jin ɗumi. Hayaƙinsu guba ne ga huhu. Kashin shanu kuma gona ta fi murhu bukatarsa. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da karan rama sun isa su rage wa itace aiki.

KWANDON ƊUMI

Akwai dabarar ƙarasa dahuwa ba da wuta ba. A samo babban kwando ko kwali. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko tsummoki a ciki, ƙasa da gefe, kaurin tafin hannu. A dafa jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai na minti 15 zuwa 20. A sauke da murfinsa a rufe, a naɗe tukunyar da tsohon zane, a sa cikin kwandon. A danne sama da matashi ko buhun ƙaiƙayi. Kada a buɗe. Bayan awa 3 ko 4 waken ya nuna. Shinkafa kuwa tafasar minti 5 ta isa, ta ƙarasa cikin kwando a awa ɗaya.

Wannan kwando zai riƙe tukunyar ruwan zafi daga dare zuwa asuba, a sami na alwala. Amma abincin da ya daɗe har ya huce a ciki, sai an sake tafasa shi kafin a ci.

RUWAN WANKA

Ruwan wanka yana cin itace da yawa a hunturu. A cika baƙar jarka ko baƙin bokiti da ruwa, a rufe, a ajiye a rana tun da hantsi, a wurin da iska ba ta bugu. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumi. A mai da wankan yara da tsofaffi tsakar rana maimakon sassafe. A goge jiki da sauri, a shafa mai, a sa riga.

GARWASHI A RUFAFFEN ƊAKI

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasin. Mai karatu ya karanta shi sau biyu, ya kuma karanta wa mutanen gidansa.

Al'ada ce a ɗebi garwashi a kasko ko kurfoti a kai ɗaki, a rufe ƙofa, a kwanta. Kusan kowane hunturu a kan ji labarin waɗanda suka kwanta haka ba su tashi ba. Wani lokaci ango da amarya, wani lokaci uwa da 'ya'yanta. A kan ce aljanu ne ko sammu ko guba a abinci. Sau da yawa kuwa kaskon nan ne.

Gawayi ko garwashi in yana ci a inda iska ba ta isa, ya kan fitar da wata iska mai guba. Likitoci suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi ma yana fitar da ita. In mutum ya shaƙe ta, ta kan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da ke raya jiki. Mai barci ba ya farkawa, sai dai barcin ya yi ta nauyi.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, da ruɗewa. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji haka tare, to, a zargi garwashi. A buɗe ƙofa da taga nan da nan. A fitar da kowa waje. A fitar da kaskon. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja. A gaggauta kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa da garwashi aka kwana.

Dokokin su ne:

1. Ba a barci da garwashi ko gawayi a ɗaki, kome sanyi.
2. In za a ɗumama ɗaki, a yi kafin kwanciya, ƙofa a ɗan buɗe, babba yana zaune. Sannan a fitar da kaskon, iska ta ɗan shiga, a rufe.
3. Ba a kunna janareta a ɗaki ko a zaure ko a bakin taga. Hayaƙinsa yana da irin wannan guba.
4. Risho da murhun gas na girki ne. Ba a barinsu a kunne don ɗumi.

Mai son ɗumi a shimfiɗa ya sa busasshen tubali a gefen murhu lokacin girkin dare. In ya yi zafi a naɗe shi da tsumma mai kauri, a sa wajen ƙafa. Ba ya hayaƙi, ba ya guba. Kada a gasa dutsen rafi ko jiƙaƙƙen dutse, ya kan fashe. Kada kuma a sa wa jariri, ko mutumin da ƙafarsa ba ta jin zafi.

Ko hayaƙin itace na yau da kullum ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Saboda haka ɗakin girki ya zama da taga, kuma kada a yi girki a ɗakin kwana.

JARIRI, MAI JEGO, TSOHO DA ALMAJIRI

Jariri ya fi kowa saurin yin sanyi. Da an haife shi a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a jinkirta wankan farko har kwana ɗaya. Bakwaini da ƙaramin jariri a riƙa ɗaure su a ƙirjin uwa cikin riga. Ɗumin jikin uwa ya fi kowane kasko, ga shi ba ya cin ko ƙirare ɗaya.

Yaro mai tari a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya. In bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana shiga ciki in ya ja numfashi, alamar ciwon nimoniya ce. A kai shi asibiti a ranar.

Mai jego tana bukatar ɗumi, amma kome ya yi yawa ya ɓaci. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jego. Sun danganta shi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da yawan shan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi da hannu zai iya jurewa ya isa wanka. Da haka an tsare lafiyar mai jego, maigida kuma ya sami sauƙin itacen jego. In ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta asibiti.

Tsoho ba ya faɗin yana jin sanyi, don kada ya dami mutane. A duba shimfiɗarsa, a ba shi ɗakin da ya fi ɗumi. Almajiran da ke kwana a zaure ma 'ya'yan wasu ne. Tsohon bargo ko buhu ko kwali da aka ba su sadaka ce mai lada. Malamai su lura kada yara su shiga da garwashi inda suke kwana.

GOBARA DA ƘUNA

Hunturu lokacin gobara ne. Kome ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa da rumbunanta. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa. A kashe wutar jin ɗumi da ƙasa ko ruwa kafin a watse. Kada a zubar da toka mai zafi kusa da danga. Kada a bar yara su kaɗai a bakin wuta. A nisanta gidan sauro da labule daga fitila da kyandir. A ajiye bokitin ruwa da na yashi a tsakar gida.

In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa ƙwai ko gishiri ko man goge baki ko toka. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

ITACEN BAƊI

Duk damin da aka rage ƙonawa, itace ne aka bari a tsaye. Gawayi ya fi ɓarna, domin kafin a sami kilo 1 ta hanyar gargajiya sai an ƙone itace kilo 5 ko fiye. Inda itatuwa suka ƙare, iskar hunturu ta kan shigo gari ba mai tare ta, ta kuma kwashe ƙasar gona.

Manoman yankin Maraɗi sun nuna hanya. Tun wajen 1984 suka fara barin tsiron da ke fitowa daga kututture a gonakinsu. Su kan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Cikin 'yan shekaru tsiron ya zama itace. A hankali aikin ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Rassan da ake sassabewa kowace shekara su ne itacen girkin gida. Manomi na iya fara wannan a sharar gona mai zuwa, ya bar gawo da kalgo da sabara su tashi. In damina ta sauka kuma, ya dasa darbejiya a jere ta arewa da gabashin gida.

LISSAFI

Wani gida yana ƙona dami 3 na itace kowane mako. Uwargida ta gina murhun laka, ya koma dami 2. Hunturu ya yi mako 12.
(a) Dami nawa gidan yake ƙonawa a da cikin mako 12?
(b) Dami nawa yake ƙonawa yanzu?
(c) In aka sa kuɗin dami ɗaya na kasuwar garinsu, nawa gidan ya tsira da shi?

TAMBAYOYI

1. Daga wace kusurwa iskar hunturu take busowa?
2. Waɗanne hanyoyi huɗu ne ɗumi ke gudu ta cikinsu?
3. Me ya sa riga biyu marasa kauri suka fi ɗaya mai kauri?
4. Me ya sa ba a barci da garwashi a ɗaki ko da ba ya hayaƙi?
5. Me za a yi wa wanda aka samu ya suma a ɗakin da aka kwana da garwashi?
6. Numfashi nawa ne ya yi yawa ga yaro ɗan wata 6?

AIKIN MAKO

Kowane ɗalibi ya shiga ɗakinsa da rana ya ƙirga kafofin da haske ke shigowa, ya rubuta adadinsu a littafinsa, ya toshe su ban da ta numfashi. Ajin mata kuma su haɗu su gina murhun laka ɗaya a gidan ɗaya daga cikinsu. Su rubuta yawan itacen da gidan ya ƙona mako guda kafin ginin da mako guda bayansa, su kawo wa malamar aji a karanta a gaban kowa.